Tambaya da Amsa: Ina Rubutu da Waƙa a Kunne, Ko Ita Ke Rage Mini Sauri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar ajin ƙarshe a jami'a, ina rubuta kundin kammala digiri. Mu huɗu ne a ɗaki, hira ba ta yankewa, shi ya sa nake toshe kunne da waƙa idan zan yi rubutu. Wata ƙawata ta ce waƙar ce ke hana ni ci gaba, wata kuma ta ce bincike ya nuna kiɗa yana ƙara basira. Wacce ce mai gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'a. Ta farkon ta fi kusa da gaskiya, sai dai ba ta duba halin da kike ciki ba.

Bari in fara sallamar ta biyu. Maganar da ta ji ta samo asali ne a 1993, lokacin da Frances Rauscher da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka suka sa ɗalibai 36 sauraron kiɗan Mozart, wani shahararren makaɗin Turai, na minti 10, sannan suka gwada su da tambayoyin siffofi. Sun ɗan fi ƙoƙari, amma bayan kamar minti 15 tasirin ya gushe. Babu zancen rubutu a ciki ko kaɗan, kuma kafin gwajin aka saurara, ba a lokacinsa ba. Jaridu ne suka zuzuta abin, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya, Zell Miller, ya nemi a ware kuɗi a riƙa ba kowane jariri faifan kiɗa. Da masana a Jami'ar Biyana suka tattara bincike kusan 40 a 2010, sai suka ga tasirin bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ga abin da ya shafe ki. Ki lura da kanki idan kina haɗa jimla. Kafin ta sauka a takarda, sai kin faɗe ta a zuci, kin ji ta, kin cire wata kalma kin sa wata. Masana Alan Baddeley da Graham Hitch sun yi bayani a 1974 cewa ƙwaƙwalwa tana da wata 'yar ma'ajiya da ke riƙe kalmomi a matsayin sauti, ta daƙiƙa biyu ko makamancin haka, sai in an maimaita su. Matsalar ita ce duk maganar da ta shiga kunne tana faɗawa cikin wannan ma'ajiyar ba sallama. A 1976 an gwada ɗalibai da haddace haruffan da suke gani, ana kunna musu Jamusanci, harshen da ba sa ji, amma duk da haka haddarsu ta ragu. A 1989 Baddeley da Pierre Salamé suka nuna cewa waƙa mai murya ta fi kiɗa zalla ɓarna. A kan rubutu kuwa, binciken Ransdell da Gilroy na 2001 ya ga saurin ɗalibai masu rubuta insha'i a kwamfuta ya ragu idan kiɗa na tashi.

Ni ganau ne. Na yi shekaru ina rubutu da waƙa, ina jin kamar ita ke tura ni. Wani dare ina rubuta wata maƙala, na sa wata waƙa da nake so tana ta maimaituwa. Da safe na karanta, sai na tarar da kalmomi uku na amshinta zaune a tsakiyar sakin layi, inda ba su da gurbi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne jimlolin shafin duk sun zama gajeru, tsayinsu ɗaya, sun bi karin waƙar. Muryata ta ɓace daga rubutun da ni na yi. Daɗin da na ji a daren gaskiya ne, amma daɗin waƙar ne, na ɗauka na aikin ne.

Sai dai ke ba tsakanin waƙa da shiru kike zaɓi ba. Tsakanin waƙa da hirar mutum uku ne, da harshen da kike ji, a kan mutanen da kika sani. Wannan hirar ta fi kowace waƙa jan hankali, don haka toshe kunnen da kike yi dabara ce mai kyau. Abin da kike sawa a ciki ne zan so ki canza. Binciken Dylan Jones a Kadif ta Birtaniya ya nuna cewa sautin da ke yawan sauyawa shi ne mai ɓarna, wanda ke tafiya bai ɗaya kuwa kunne yana sabawa ya manta da shi. Ki nemi ƙarar ruwan sama, ko ta fanka, ko kiɗa mai sanyi da babu murya, ki bar guda ɗaya yana maimaita kansa.

Akwai tarko a nan. Ba duk kiɗan da babu murya ne babu magana a cikinsa ba. Idan kiɗan waƙar da kika haddace ne, zuciyarki za ta rera baitocin da kanta. Kuma mai jin Hausa ya san kalangu yana magana, domin yana bin hawa da saukar murya, sai ki ji kina fassara shi ba ki sani ba. Ni kam ba na iya rubuta ko layi ɗaya yana tashi.

Ga yadda nake yi yanzu. Waƙar da nake so ina jin ta kafin in zauna, ta wartsake ni, sannan in kashe. Zubin farko ina yin sa da ƙarar ruwan sama. Idan na zo gyara, babu komai a kunnena, domin ina karanta jimlolin a fili in ji inda suke tuntuɓe. Aikin da ba ya buƙatar tunani, kamar jera lambar shafi da daidaita tebur, a nan nake sakin waƙa son raina.

Ki kula da ƙarar kuma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraro a desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti). Mai neman danne hayaniya yakan yi ta ƙara sauti bai ankara ba. Idan ta kusa da ke tana jin abin da ke fita daga kunnenki, ya yi yawa.

Mutane sun bambanta, don haka ki gwada da kanki: kwana uku da waƙa, kwana uku da sauti bai ɗaya, awa guda kullum. Ki ƙirga kalmomin da kika rubuta, sannan washegari ki karanta ki ga nawa za su tsira daga gyara, don wannan lissafin na biyu ne zai gaya miki gaskiya. Ki kuma roƙi 'yan ɗakinku su ba ki awa ɗaya ta shiru a rana har ki miƙa kundin. In kin gama gwajin, ki rubuto mini abin da kika gani.