Amsa ga ƙanenmu kan digiri na biyu da shagon Jega

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, na saurari muryarka, inda kake tambaya ko ka tafi digiri na biyu ko ka zauna a shagon kawunka a Jega tunda ka gama bautar ƙasa. Abin da na ji a cikin maganarka kunya ce, kana tsoron a ce ga mai digiri can yana auna shinkafa da mudu.

Ni ma haka na yi. Na kammala a 2012, na yi shekara huɗu, a'a, uku da rabi, ina yawo da takardu a Birnin Kebbi, har wani ofis da ba zan kama suna ba suka karɓi kuɗina a kan gurbin da babu shi, kuma har yau abin yana yi mini ciwo. A tsawon lokacin nan gwamnati ta ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a 2015 a nan jiharmu, daga baya aka buɗe kamfanin casar shinkafa na WACOT a Argungu a 2017, kuma waɗanda suka san farashin shanshera da hanyar kai ta su suka ci moriyar, ni ina layin neman aiki.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne mai albasa a Aliero, garin da ke da jami'a tun 2006, shi kuwa allo kawai ya yi. Yana saye lokacin da albasar rani ta cika kasuwa, ya shimfiɗa ta inda iska ke ratsawa, ya riƙa tsince wadda ta fara ruɓa kafin ta lalata sauran, ya jira ta yi wuya sannan ya loda wa 'yan kasuwar Mile 12 a Legas. Ba su taɓa tambayarsa takarda ba, domin buhunsa yadda samansa yake haka ƙasansa yake, shi ya sa suke turo kuɗi tun kaya ba su tashi ba.

Ban ce ilimi banza ba ne, kada a juya mini magana, lissafin da na koya shi ke riƙe da littafin bashina. Amma ka ba kawunka shekara ɗaya cur, ka koyi sari, ciniki da yadda ake karɓo bashi ba tare da an ɓata zumunci ba. Ka kira ni bayan isha'i mu tsara yadda za ka tunkare shi da maganar kasonka.