Ƙanena ya daina fita tun da aka kama babur ɗinsa, kuma maganganunsa suna ba ni tsoro

Assalamu alaikum Anti,

Ina rubuto miki ne daga Agege da ke Legas a kan ƙanena da nake riƙo tun bayan rasuwar mahaifinmu. Shekarunsa 24, kuma da acaɓa yake rufa wa kansa asiri, har yakan aika wa mahaifiyarmu kuɗin cefane can gida. Tun da aka hana babura a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi a 2022 sana'ar ta ja baya, amma yana lallaɓawa a cikin unguwanni, sai kwanakin baya aka kama babur ɗin alhali bai gama biyan mai shi ba.

Yaron da ba ya fashin zuwa filin ƙwallo da yamma, wanda kullum sai na yi masa faɗa a kan shigo mini ɗaki da ƙura, yanzu a ɗaki yake kwana yake wuni. Ina jin motsinsa har asuba, kuma abincin da na ajiye masa da rana haka nake ɗauke shi da dare. Abokansa sun yi ta zuwa suna sallama yana cewa a ce ba ya nan, har suka gaji suka ɗauke ƙafa. Makon jiya ya ba ɗan maƙwabcinmu takalmin ƙwallonsa, sannan da daddare ya ce mini, "Yaya, ki yafe mini wahalar da na ba ki, na san in ba na nan za ki huta."

Maigidana yana ganin lalaci ne da rashin tawakkali, mahaifiyarmu ta ce a yi masa ruƙiyya, wata ma'aikaciyar jinya a layinmu kuma ta ce motsa jiki da shiga mutane suna rage irin wannan damuwa. Shin in matsa masa ya koma ƙwallo? Ina so in tambaye shi ko yana tunanin kashe kansa, amma ina tsoron kada in saka masa abin da bai taɓa kawowa a ransa ba.

Yayarsa, daga Agege

Wa alaikumus salam ƙanwata,

Allah ya saka miki da alheri bisa wannan riƙo, ya kuma ba ƙaninki lafiya. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, domin ita ce ba ta jiran gobe. Ki tambaye shi yau, ku biyu kaɗai, cikin murya mai sanyi, kuma ki ambaci abin da sunansa: "Na ji abin da ka ce, kuma ya tsaya mini a rai. Kana tunanin kashe kanka ne?" Likitocin wannan fanni sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa, saboda ya samu wanda zai faɗa wa abin da ya daɗe yana ɓoyewa. Idan ya fara magana kada ki katse shi da wa'azi, kada ki tuna masa azabar lahira ko halin da mahaifiyarku za ta shiga. Duk ya san wannan, kuma nauyinsa ma yana cikin abin da ke danne shi.

Ba zan ɓoye miki ba, mutumin da ya raba abin da yake ƙauna, ya nemi yafiya, ya kuma ce za a huta in ba ya nan, ya nuna alamomin da ba a wasa da su. Kada a bar shi shi kaɗai a kwanakin nan, musamman da dare, kuma ki kawar da duk wani maganin ƙwari ko tarin ƙwayoyin magani daga inda hannunsa zai kai, domin irin wannan tunani yakan taso da ƙarfi ne na ɗan lokaci sannan ya lafa, kuma wanda bai samu abu a kusa ba a wannan lokacin yakan tsira. Ki kai shi ganin likita a cikin makon nan. Akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da ke Idi-Araba, inda aka kafa shirin SURPIN na hana kashe kai a 2017, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja wanda ya fi kusa da ku. Idan ya ce ya riga ya tsara yadda zai yi, ko ya yi wani yunƙuri, ku tafi sashen gaggawa nan take ko ki kira lambar agajin gaggawa ta Legas, 112 ko 767. Na san abin da mutane ke faɗa in sun ji an ce Yaba, amma yawancin masu zuwa can ganin likita suke yi su karɓi magani su koma gida a ranar.

Ki faɗa wa maigidanki cikin ladabi cewa ciwon damuwa ciwo ne da ke hana barci da cin abinci, ya kuma kashe wa mutum jiki, kuma yana kama mai ibada kamar yadda yake kama kowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ne ke kashe kansu a kowace shekara, maza sun ninka mata fiye da sau biyu, kuma abin yana cikin manyan dalilan mutuwar matasa 'yan shekara 15 zuwa 29. Ba na raba ɗaya biyu cewa tarbiyyar da muke yi wa yaranmu maza, ta namiji ba ya kuka, tana da hannu a ciki. Addu'a kuwa a ci gaba da yi, sai dai addinin da ya koya mana ita shi ne ya umarce mu da neman magani.

Maganar ma'aikaciyar jinyar gaskiya ce, amma a bayan likita take zuwa. Motsa jiki yana gyara barci, yana dawo da cin abinci, yana rage damuwa, kuma abin da ake ba babban mutum shawara shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato kamar rabin awa a kwana biyar. Sai dai wanda ke wannan hali ba ya tashi don an ce masa ya tashi, kuma matsi zai ƙara masa jin cewa ya gaza. Ku fara da abu kaɗan: maigidanki ya riƙa tafiya da shi sallar asuba, su ɗan zaga layi kafin hayaniyar motocin haya na danfo ta tashi, su tsaya wurin mai shayi, ko da ba su ce wa juna komai ba.

Abin da na fi so ki lura da shi shi ne, babur ɗin ya tafi da fiye da kuɗin shiga. Ya tafi da tashar da ake gaisawa da shi kowace safiya, da majalisar da ake neman sa in bai zo ba, da darajar ɗan da ke aika wa uwarsa cefane. A Legas kowa sammako yake yi ya dawo da dare, don haka saurayi yana iya ɓacewa daga idon mutane alhali yana cikin gidan haya mai cike da jama'a. Amfanin ƙwallo a gare shi shi ne akwai mutanen da za su tambaya ina yake. Saboda haka ki zaɓi ɗaya ko biyu cikin abokansa, masu hankali da riƙon sirri waɗanda ba sa shaye-shaye, ki gaya musu ba shi da lafiya, ki roƙe su su dawo, su shigo har ɗaki ko da ya ce ba ya nan. Su fara da ɗaukarsa gidan kallon ƙwallo, daga baya ya raka su fili ya zauna a gefe, kuma kada kowa ya ce masa ya buga sai ya nema da kansa. Ki sa ido kan tramadol da makamantansa, don samari da yawa suna fakewa da su, kuma suna ƙara haɗarin ne.

Idan likita ya rubuta magani, ke ki riƙe shi ki riƙa ba shi, ki kuma sani yakan ɗauki makonni kafin a ga aikinsa. Kada ki saki jiki in kin ga ya warware farat ɗaya, domin wani lokaci irin wannan natsuwar ta bazata ita kanta alamar haɗari ce, sai ki sanar da likitan.

Bashin babur kuma kada a bar masa shi kaɗai, tunda shi ne ya fara tsunduma shi. Maigidanki ya nemi wani dattijo daga shugabannin 'yan acaɓa ko na unguwa su je wurin mai babur ɗin, su nemi a ɗaga masa ƙafa a raba biyan kaɗan-kaɗan, kuma a yi zaman da saninsa, a gaya masa yadda aka tsaya. Ke ma ki samu 'yar'uwa da za ku riƙa karɓa-karɓa wajen kwana kusa da shi, sannan ki sake rubuto mini bayan kun ga likita.

Taki,
Anti