Kafin a sayar da filin Hajiya

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma sai da na karanta shi sau uku. Ka ce shekararka 17, kana buga lamba bakwai a wata ƙungiyar unguwa a Kaduna, wani dillalin 'yan wasa ya ce ka kawo naira miliyan 4 ya samo maka gwaji a Turai, har Hajiya ta yarda a sayar da filinta. Ka ce, "Yaya, me ka gani?" To ga abin da na gani, tsakanina da Allah.

Kada a taɓa filin nan. Dokar FIFA ta hana kulob ɗin wata ƙasa yi wa ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba rajista, sai a wasu 'yan yanayi da babu wanda ya shafe ka. Ahmed Musa ma, da ya zura ƙwallo 18 wa Kano Pillars a kaka ɗaya har ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holan ta saye shi, sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya taka musu leda. Venlo ɗin nan nake zaune, kullum ina wucewa ta kusa da filin wasansu. In dokar ta tsayar da Ahmed Musa, wane ne dillalinka da zai tsallake ta? Kulob ɗin da yake son ka da gaske shi yake aiko takardar gayyata, shi yake biyan kuɗin jirgi da masauki. Bizar ziyara kwana 90 ce, in ta ƙare ka zama marar takarda. A nan Holan kuma doka ba ta barin kulob ya ɗauki wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba sai ya biya shi albashi mai tsoka da aka ƙayyade, shi ya sa ƙananan kulob ba sa ɗaukar yaron da ya faɗo musu da jaka a kafaɗa.

Amma ba wannan ne ya fi damu na ba. Mu ɗauka komai ya tafi daidai, ka samu kwantiragi. Shekara nawa za ka yi kana bugawa? Mai sa'a yakan kai shekara 34 ko 35 da haihuwa yana bugawa. Ni ban kai ba. Na yi shekara shida ina bugawa a ƙananan gasanni a gabashin Turai, wani lokacin albashi ya yi wata uku bai shigo ba. Ina da shekara 27, wata safiya ana yayyafi a wurin atisaye, na juya zan karɓi ƙwallo, takalmina ya kafe a ciyawa, na ji gwiwata ta yi ƙas. Babu ma wanda ya taɓa ni. Jijiya ce ta tsinke. Wata tara ina jinya, kwantiragina ya ƙare a watan Yuni, aka ba ni hannu aka ce Allah ya kiyaye hanya. Ranar da nake kwashe kayana daga ɗakin canza kaya, tuni an liƙa sunan wani yaro a inda nawa yake.

A lokacin ba ni da takardar sakandare, ba ni da sana'a, ba ni da ko bulo ɗaya a gida. Kuɗin sun tafi a mota, da sutura, da hidimar duk wanda ya bugo waya, don a unguwarmu ana ganin wanda yake Turai ba ya rasa. Ban yi nadamar abin da na yi wa iyayena ba, amma sauran har yau yana yi mini ciwo. Aure ne ya kawo ni Holan. Yanzu ina tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito tun ƙarfe shida na safe, ranar Asabar in koyar da yara ƙwallo. Halak ne, alhamdulillahi, sai dai da sanyi ya shigo gwiwar takan tuna mini.

'Yan wasan ƙasar nan suna da wani asusu mai suna CFK. Tun suna bugawa ake yankar wani kaso na albashinsu ana ajiyewa, ranar da suka jingine takalmi a riƙa ba su wata-wata har su kama wata hanyar. Inda na buga babu wannan, kuma kai ma da wuya ka same shi, sai dai ka zama asusun kanka. Ka duba Rashidi Yekini, haifaffen garinku, gwarzon ɗan wasan Afirka na 1993, wanda ya ci wa Najeriya ƙwallonta ta farko a gasar cin kofin duniya a 1994. Ya rasu a Ibadan a 2012 yana da shekara 48, bayan shekarun kaɗaici da rashin lafiya. Allah ya jiƙansa. Ka kuma duba Ahmed Musa, da ya buɗe cibiyar wasanni da gidan mai a Kano tun ƙafarsa na da ƙarfi.

Ba cewa nake ka bar ƙwallo ba, wallahi na san daɗinta. Ka zauna ka rubuta NECO ɗinka bana. Ka nemi shiga ƙungiyar da take buga gasa mai rajista, inda za a riƙa ɗaukar wasanka a bidiyo, don masu farautar 'yan wasa can suke dubawa. Ka koyi wata sana'ar hannu da yamma, ko gyaran waya ne. Shi kuma dillalin, ka ce ya ba ka lambar lasisinsa na FIFA da sunan kulob ɗin, ka turo mini, ni da kaina zan buga musu waya in tambaya. Ka gaishe da Hajiya, ka ce mata zan kira ta ranar Juma'a bayan sallah in sha Allahu, kuma kafin nan kada ta sa hannu a kowace takarda.