Kashe kwamfuta da maɓallin wuta yana lalata ta?

Tambaya: Malam, da maɓallin wuta nake kashe kwamfutata, sai wani ya ce min hakan na lalata ta. Gaskiya ne?

Amsa: Ya danganta da irin dannawar, domin aiki biyu maɓallin nan yake yi.

Idan ka danna sau ɗaya ka saki, ba wuta ka yanke ba. Tun da aka fito da ACPI, wato tsarin sarrafa wutar kwamfuta, a 1996, wannan dannawar saƙo kawai take aika wa Windows, ita kuma ta rufe manhajoji, ta ƙarasa rubuta bayanan da ke jira a cikin RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) zuwa faifan ajiya, sannan ta kashe. Babu wata illa a nan. Sai dai yawancin laftof barci suke shiga maimakon mutuwa, shi ya sa wani ke ciro tasa daga jaka ya ji ta da zafi, batir ya ƙare. Don gyara wannan, shiga Control Panel, sai Power Options, sai Choose what the power buttons do, ka zaɓi Shut down ga batir da kuma caji, ka adana.

Dannewa ba saki na daƙiƙa 4 zuwa 10 shi ne abin tsoro. Nan wutar ake yankewa kai tsaye, Windows ba ta sani ba, daidai da a ɗauke wuta kana kan kwamfutar tebur marar UPS (na'urar batirin da ke riƙe wuta in an ɗauke). Ba kasafai kayan ciki ke lalacewa ba, bayanai ne ke shan wahala. Aikin da ba ka adana ba ya tafi, fayil ɗin da ake tsakiyar rubutawa na iya ƙin buɗewa. Mafi muni shi ne lokacin da Windows ke sabunta kanta, allo na cewa kada a kashe: a nan kam tana iya ƙin tashi gaba ɗaya. Don Allah ka ƙyale ta ko da za ta kai awa.

Idan ta sandare, fara gwada danna Ctrl, Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, wato jerin manhajojin da ke aiki, ka rufe manhajar da ta maƙale. Dubi fitilar faifai in akwai: muddin tana ƙiftawa, rubutu ake yi, jira. Sai komai ya ƙi sannan ka danne. Bayan ta mutu ka ba ta daƙiƙa 10 kafin ka kunna, kuma in ta fara binciken faifai da kanta, kada ka katse shi.