Murya: Amsa kan dawowar Ryan Grubb Alabama

Salamu alaikum jama'a. Malam, na saurari muryarka, wai mene ne abin hayaniya don jami'ar Alabama ta ɗauki Ryan Grubb, mataimakin koci guda a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, alhali kakar wasa ta ƙare. Ni na san ba wannan kake tambaya ba. So kake ka ce DeBoer, babban kocin Alabama, ya gaza, yanzu yana neman wanda zai jingina da shi. To bari in amsa maka wannan ɗin.

Ryan Grubb ai ba baƙo ba ne a wurin Kalen DeBoer. Tun 2007 suke tare a Sioux Falls, wata 'yar ƙaramar jami'a can South Dakota, suka bi ta Eastern Michigan da Fresno State har Washington. Grubb ke tsara hari a Washington lokacin da Michael Penix, kwatabak ɗinsu (wato mai jefa ƙwallo), ya jefa sama da yadi 4,900 a 2023, har suka kai wasan ƙarshe, Michigan ta lallasa su 34 da 13. Saboda haka da Nick Saban, tsohon kocin Alabama, ya ajiye aiki ranar 10 ga Janairun 2024, aka kawo DeBoer bayan kwana biyu, kowa ya ɗauka su biyun aka ɗauko. Kamar ka sayi mota ne saboda injinta, ranar da za a ba ka makulli a ce ai injin ya tafi Seattle.

Kuma abin da har yau yake cin raina shi ne lokacin da abin ya faru. Ka san dokar wancan lokacin: in babban koci ya tafi, akan buɗe wa 'yan wasa fotal na kwana talatin, duk mai son canza makaranta ya fice. A cikin kwanakin nan Caleb Downs ya tafi Ohio State, Julian Sayin ya bi shi, Isaiah Bond ya yi Texas, Kadyn Proctor ya yi Iowa. Waɗanda suka tsaya fa? Sun tsaya ne sanin cewa Grubb ne zai jagoranci hari. Kwana talatin na cika, sai ga labari wai Seahawks, ƙungiyar Seattle a gasar ƙwararru ta NFL, sun ɗauke shi, ya kuma tafi da Scott Huff, kocin masu tare gaba. Ban ce da gangan aka yi ba, Allah ne masanin zuciya. Amma haba Malam! Yaro ɗan shekara sha tara ya zauna da iyayensa sun yanke shawara a kan wani mutum, ƙofa na rufewa mutumin ya ɗauki jakarsa. Eh, na sani, a lokacin akwai wata ƙofar a Afrilu, ta nan ma Proctor ya dawo. Amma a Afrilu makarantu sun riga sun cike gurabensu, wa zai tsaya jiranka?

Downs kuwa ga shi nan, a Janairun 2025 ya ɗaga kofi da Ohio State bayan sun ci Notre Dame. Wannan kam kada ma mu buɗe shi.

To sai aka ɗaga Nick Sheridan aka ba shi kiran wasa, shekara ta ƙare da ci tara, faɗuwa huɗu. Na ji ka kawo maganar Vanderbilt, kowa ita yake kawowa. 40 da 35, rabon da su ci Alabama tun 1984, ɗalibai suka tuge turken gola suka ja shi cikin garin Nashville suka jefa a kogin Cumberland. Abin kunya ne, na yarda. Amma wanda ya ci maki 35 ba shi za ka tuhuma ba, wannan laifin masu tsaro ne, ɓangaren Kane Wommack. Wasan da ya kamata ka riƙe shi ne na Oklahoma a Nuwamba, 24 da 3. Maki uku, Malam, uku! Shi ya rufe musu ƙofar shiga cikin goma sha biyun da suka yi takarar kofi. Sai kuma Michigan ta ƙara musu 19 da 13 a Tampa. A nan ne ka ga giɓin Grubb ƙiri-ƙiri.

Masu cewa da Saban ne da ba a yi haka ba, su tuna shekararsa ta farko, 2007, Louisiana-Monroe ta zo har Tuscaloosa ta ci shi 21 da 14. Daga baya ya kawo kofi shida. Ba wai ina haɗa su ba ne, a'a, kada wani ya yanke muryar nan ya tura wani guruf.

A farkon 2025 dai Seattle ta sallami Grubb bayan shekara guda, ya dawo Alabama, Sheridan kuma a lokacin bai tafi ba, ya ci gaba da horar da kwatabak. Jalen Milroe, kwatabak ɗinsu na 2024, ya wuce NFL, Ty Simpson kuma a lokacin ya daɗe yana jira a benci. Uzurin DeBoer ya ƙare, ya samu mutuminsa.