Tambaya da Amsa: Tafiyar ƙafa a karkarar Holan, tsakanin tsofaffin fadoji da injinan iska

Wasiƙun wannan fitowar sun zo ne daga masu karatunmu da ke zaune a Holan da masu shirin kai ziyara can.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a birnin Groningen. Ina ganin Turawa da jaka a baya suna ratsa gonaki a ƙafa, ni ma ina sha'awa. Daga ina zan fara, kuma yaya zan yi kada in ɓata?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Ai kana zaune ne a bakin hanyar da ta fi kowace suna a ƙasar, wato Pieterpad. Ta tashi daga ƙauyen Pieterburen a arewacin lardinku, ta ƙare a tudun Sint-Pietersberg kusa da Maastricht a can kudu, kimanin kilomita 500, an raba ta zango 26. Wasu mata biyu ne, Toos Goorhuis da Bertje Jens, suka tsara ta, aka kammala a 1983. Yawancin mutane zango ɗaya ko biyu suke yi a ƙarshen mako, su koma gida, wani lokaci sai an shekara da shekaru kafin a gama.

Fara da zangon farko, Pieterburen zuwa Winsum, kimanin kilomita 12. A Winsum akwai injinan iska biyu da tashar jirgin ƙasa da zai mayar da kai Groningen. Ka shiga motar safa zuwa Pieterburen da safe, ka ƙare tafiyarka a inda jirgi yake. Kada ka juya tsarin, domin motocin ƙauye ba su da yawa, ranar Lahadi sun fi ƙaranci, wasu ma sai an kira waya tukuna suke fitowa. Manhajar 9292 za ta nuna maka lokutansu.

Alamar hanya layi biyu ne, fari a sama ja a ƙasa, a jikin turken fitila ko itace ko shinge. Rawaya da ja alamar hanyoyin yanki ne, ba taka ba ce. In ka ga alamar ta ninku biyu, kwana na gaba. In ka ga fari da ja sun gitta juna, hanyar da ka sa kai ba ita ba ce. Yawancin ɓata a mararraba ake yi, ana hira an wuce kwana. Dokar ita ce, in ka yi minti goma ba ka ga alama ba, koma inda ka ga ta ƙarshe. Kada ka yanka ta gona don a rage tafiya: gonakin arewa magudanan ruwa ne suka raba su, za ka iske rami mai faɗin da ba ka iya tsallakewa.

Lissafa kilomita 4 a awa ɗaya, har da hutawa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, shi ya sa sababbi suke raina ta, su ɗauki kilomita 25 a ranar farko. Amma kwalta da bulon titi suna cin tafin ƙafa fiye da turɓaya, iska kuma galibi daga kudu maso yamma take busowa, mai tafiya kudu da ita yake karo, babu tudun da zai tare masa.

Tambaya: Malam, za mu je Rotterdam da maigida da yara uku. Yaran suna son ganin injinan iska suna juyawa. Ina za mu je, kuma ana shiga ciki?

Amsa: Hajiya, Kinderdijk za ku, kimanin kilomita 15 gabas da Rotterdam, kuma jirgin ruwa na haya yana zuwa daga cikin birni. Injina 19 ne a wurin, UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 1997. Jere ɗaya na injina takwas na jan bulo an gina shi a 1738, ɗaya jeren na katako mai rufin ciyawa a 1740. Waɗannan ba hatsi suke niƙawa ba, ruwa suke kwashewa. Ƙasar yankin ta fi kogi ƙasa, don haka fukafukan suna juya wani babban gargare da ke ɗebo ruwan gonaki ya zuba a tafkin ajiya, in kogin Lek ya ja baya a sake shi. Yanzu injinan zamani ne ke wannan aikin. Tafiya a kan hanyar kyauta ce, shiga injinan da aka mai da gidan tarihi ne ake biya. Sauran kuwa da yawansu gidajen mutane ne, a hana yara leƙa taga.

Ganin suna juyawa sai an yi dace da abu biyu, iska da mai kula da injin. Kafin inji ya tashi, mai kula zai juya hular da ke saman ginin da wani gargare da sarƙa har fukafukan su fuskanci iska. Sannan ya tsayar da fiffike ɗaya a ƙasa, ya ja birki, ya hau ya shimfiɗa masa kyalle, ya saki birki ya kawo na biyu, haka har huɗu. Iska kaɗan, kyalle cikakke. Iska mai ƙarfi, a naɗe rabi ko a cire duka. In guguwa ta taso ba a aiki ko kaɗan, domin birkin katako ne da ke matse babban gargaren sama, in gudun ya fi ƙarfinsa gogayyar tana iya tayar da wuta, kuma injina da dama haka suka ƙone.

A ƙauyuka, inda injinan niƙa suke, 'yan sa kai ne ke kula da yawancinsu, ranar Asabar suka fi buɗewa. In kun hango ƙaramar shuɗiyar tuta a jikin inji, a buɗe yake, ku shiga. Wasu ma suna sayar da garin da suka niƙa. Ƙarshen mako na biyu a watan Mayu ranar injina ce ta ƙasa baki ɗaya, ɗaruruwa ke buɗewa cikin kimanin 1,200 da suka rage.

Game da yara, abu biyu. A wasu injinan bakin fiffike yana wucewa dab da ƙasa, da gudun da ido ba ya ƙiyasta shi daidai, don haka igiya ko shingen da aka gitta ba a tsallake shi ko don hoto. Matakalar ciki kuma a miƙe take kamar tsanin hawa rumbu. A sauko da baya, fuska na kallon matakala, hannu biyu a riƙe, babba a ƙasan yaro. Ke kuma ki tattare mayafi da gefen zani, saboda matakalar da haƙoran katako masu juyawa.

Tambaya: Ni tsofaffin fadoji nake so, kuma kwana biyu kawai nake da su. Ina ya fi?

Amsa: Valkenburg, a kudancin lardin Limburg. Nan ne ƙasar take da tuddai. Fadar garin kango ce a kan tudu, an tarwatsa ta da albarushi a 1672 bisa umarnin Willem na Uku, shugaban Holan na lokacin, don kada sojan Faransa su yi amfani da ita. A ƙarƙashinta akwai kogunan da aka fafe wajen haƙo farin dutse mai laushi na gini, ana shiga da ɗan jagora, ciki da sanyi ko da bazara. Daga gari ka bi kogin Geul zuwa Schin op Geul, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba, za ka wuce fadojin Genhoes da Schaloen, ruwa ya kewaye kowannensu, ka dawo a jirgin ƙasa. Rana ta biyu ka yi zangon ƙarshe na Pieterpad zuwa Maastricht. Ƙasar yankin laka ce mai santsi in an yi ruwa, takalmi mai sulɓin ƙasa zai kayar da kai a gangare.

Vorden a gabas tana alfahari da fadoji takwas, ita ma Pieterpad ta ratsa ta. Sai dai yawancinsu masu su na ciki, daga nesa za ka gani. Allon da aka rubuta "Verboden toegang" haramcin shiga ne, kuma ana cin tara. Wanda aka rubuta "Opengesteld" ya ba ka izinin bin hanyoyin gandun daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Fadojin da suka zama gidan tarihi kuwa da yawa ba sa buɗewa ranar Litinin.

Tambaya: Ni Musulmi ne. Yaya batun salla da abinci a hanya, kuma in na so duba ginin tsohuwar coci fa?

Amsa: Hukuncin shiga wannan na malamanka ne, Malam. Ladabin wurin shi ne namiji ya cire hula, ba a cire takalmi, ba a ɗaukar hoto ana cikin ibada. Cocunan jan bulo na ƙauyukan Groningen, da yawansu na ƙarni na 12 da na 13, an gina su ne a kan tudun da mutane suka tara saboda ambaliyar teku, kuma ko ba ka shiga ba hasumiyarsu tana nuna maka ƙauye na gaba tun daga nesa.

Alƙibla kudu maso gabas take, kimanin digiri 125 daga arewa. Ɗauki ƙaramar darduma da leda ta shimfiɗawa ƙarƙashinta, ciyawa a jiƙe take. Ruwan famfo ana sha, cika gora lita ɗaya da rabi, ƙari kaɗan don alwala. A watan Yuni rana tana kaiwa wajen ƙarfe 10 na dare kafin ta faɗi, a Disamba kuwa 4:30 na yamma ta faɗi, sai a taƙaita zango. Yi guzuri daga birni, shagunan ƙauye da yawa a rufe suke ranar Lahadi. "Varken", "spek" da "ham" duk alade ne, miyar waken nan mai kauri da ake sayarwa da sanyi ma da shi ake dafa ta. In ka nufi kudu ka riƙe fasfo ko katin zama, hanyar Pieterpad takan leƙa Jamus.

Tambaya: Na yi kilomita 18, ƙafata ta yi bororo, washegari kuma na ga wani ɗan baƙin ƙwaro maƙale a bayan gwiwata. Me ya kamata in yi?

Amsa: 'Yar uwa, kaska ce, kuma ta can tana iya ɗauke da cutar Lyme. Kama ta da siririn hantsaki dab da fata, ja a miƙe a hankali. Kada ki ɗiga mata mai ko ki kusanto da wuta, hakan na iya sa ta amayo abin cikinta a jikinki. Goge wurin da maganin kashe ƙwayoyin cuta, ki rubuta kwanan wata. In ta haura awa 24 a jiki, ki ga likita. Ki riƙa duba wurin har wata uku: tabon da ke faɗaɗa kamar zobe, ko zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, na likita ne. Hotunan asibiti jan zobe suke nunawa, amma a baƙar fata yakan fito da duhu ko shuɗi-shuɗi, sai an duba a haske sosai. Nan gaba ki cusa ƙafar wando cikin safa, da yamma ki duba bayan gwiwa da matsematsi da hammata da bayan kunne.

Bororo kuwa danshi da gogayya ke kawo shi. Safar auduga tana riƙe gumi, nemi ta ulu, ki ɗauki ta canji. Takalmi ya fi ƙafarki da rabin lamba zuwa lamba ɗaya domin ƙafa tana kumbura da rana, kuma kada ranar tafiya ta zama ranar fara sa shi. Da kin ji wuri ya fara zafi ki tsaya ki manna filasta. Wanda ya riga ya taso, in bai hana ki taku ba kada ki fasa, ki rufe shi da filastar bororo da ake samu a kantin magani, ki bar ta har ta saki da kanta.