Tambaya da Amsa: Mayar da Iskar Hayaƙi ta Zama Mai da Roba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai haɗa wutar sola ne a garin Maradi. Na ji a rediyo cewa masana suna amfani da lantarki wajen mayar da iskar da ke cikin hayaƙi ta zama mai da roba. Tunda Allah ya hore mana rana, me ya hana a kafa irin wannan aiki a nan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji yana da tushe. Iskar da ake magana a kai ita ce kabon dayoksaid, wadda ake rubutawa CO2, kuma ita ce ke saura bayan itace ko gawayi ko fetur ya gama ci, wato an riga an tatse ƙarfin da ke cikinta. Duk wanda ke son ta koma abu mai amfani sai ya mayar mata da wannan ƙarfi, shi ya sa ake tura ta cikin wata na'ura mai ɓangare biyu, inda lantarki ke fasa ruwa a gefe guda, a ɗaya gefen kuma iskar ta sadu da wani ƙarfe da ake kira katalis. Katalis abu ne mai sauƙaƙa haɗuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Ko takin yuriya da manomanmu ke zubawa a gona, da taimakon katalis na baƙin ƙarfe ake samar da amoniyar da ake yin sa da ita.

A wannan aiki, ƙarfen da aka zaɓa shi ke yanke abin da zai fito. Wani masani ɗan ƙasar Japan, Yoshio Hori, tare da abokan aikinsa, sun fara bayyana haka a shekarar 1985 bayan sun gwada ƙarafa iri-iri. Zinariya da azurfa suna ba da kabon monoksaid, iskar da masana'antu ke haɗawa da iskar haidirojin su yi mai. Kuza da darma suna ba da fomet, wani sinadari mai kabon ɗaya da masana'antu ke amfani da shi. Baƙin ƙarfe da nikel da filatinam kuwa kusan ba sa taɓa CO2, sai dai su ɓata wutar wajen fitar da haidirojin daga ruwa. Jan ƙarfe, wanda kake yankawa kullum a cikin wayar wuta, shi kaɗai ne a cikinsu ke iya ɗaure kabon biyu wuri guda ya samar da etilin, tushen leda da jarkokin roba, ko kuma etanol, sinadarin barasa da ake iya ƙonawa kamar mai.

Sai dai jan ƙarfe ba ya tsayawa kan abu ɗaya. A shekarar 2012 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka sun ƙirga sinadarai 16 da ke fitowa daga kansa, kuma raba su yana cin kuɗi da wuta. Ban da haka, fuskarsa tana sauya kama yayin aiki, gishirin da ke fitowa daga ruwan na'urar kuma yana taruwa yana toshe ƙananan ƙofofin da iskar ke bi, kamar farin garin nan da ke taruwa a kan batir har wuta ta daina wucewa. Masana'anta tana son na'urar da za ta yi shekaru tana aiki, alhali da yawa daga cikin gwaje-gwajen jan ƙarfe ba sa wuce kwanaki ko makonni. Azurfa ta fi shi natsuwa, domin sama da kashi 90 cikin 100 na wutar kan tafi ga abin da ake nema, wato kabon monoksaid, shi ya sa ta fi kusa da shiga kasuwa.

Game da Maradi, rana kaɗai ba ta wadatar ba. CO2 da ke cikin iskar da muke shaƙa kusan kashi 0.04 ne cikin 100, saboda haka ana neman wurin da take fita da yawa, irin masana'antar siminti ta Malbaza ko matatar mai ta Zinder. Aikin kuma yana shan wuta ƙwarai, tunda samar da kowace ƙwayar etilin na buƙatar elektiron (ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da wutar lantarki) 12, shi kuwa kabon monoksaid 2 kacal. A ganina, matuƙar asibitocin karkara da masu noman rani a bakin Gulbin Maradi suna fama da ƙarancin wuta, su ne suka fi cancanta da kowane faifan sola da aka kafa.

Wannan bai hana ɗalibanmu na kimiyya a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo shiga binciken ba, kuma ina matuƙar fatan su shiga. Ƙaramar na'urar gwaji ba ta da tsada sosai, jan ƙarfe ma yana ko'ina. Abin da zai fi wahalar samu shi ne injin da ke tantance iskar da ta fito da kuma yawanta, domin in babu shi mai bincike ba zai bambance etilin da haidirojin ba.